Laftof da dok: tambayoyi da amsoshi kan matsalolin caji, barci da farkawa

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa daga masu aiki da laftof a kan dok: ma'aikatan ofis, masu zane da haɗa bidiyo, da masu aiki daga gida. Yawancin bayanin na Windows ne da kwamfutocin Dell, HP da Lenovo, tunda su ne suka cika ofisoshi. Mac da Linux suna tambaya ta 16. Sunayen wuraren da ake dannawa an bar su yadda suke fitowa a allo, don kada a sha wahalar nema. Mai sauri ya fara da ta 3, a nan aka fi samun bakin zaren.

1. Wai mene ne dok, kuma me ya haɗa shi da harkar wuta?

Dok ɗan akwati ne da ke zaune a kan tebur, an jona masa manyan alluna, kibod, maus, firinta da kebul ɗin intanet. Idan ka iso, kebul ɗaya za ka soka wa laftof, komai ya kama. Na da, irin na tsofaffin ThinkPad da Latitude, ɗora kwamfutar ake yi a kai, haƙoransa su shige ta ƙasanta. Na yanzu ta ramin USB-C ko Thunderbolt suke bi.

Wannan kebul guda shi ke ɗauke da wuta, da hoto, da bayanai. Kuma wutar ba kwarara kawai take yi ba. Da zarar an jona, dok da laftof sai sun daidaita a ƙarƙashin tsarin USB Power Delivery: a fara da bolt 5, dok ya faɗi abin da zai iya bayarwa, laftof ta zaɓa, galibi bolt 20. Duk sanda aka zare aka mayar, ko wuta ta ɗauke, sai an sake daga farko. Haka idan kwamfuta ta tashi daga barci, sai an sake ƙulla hanyar hoto da ta USB. Inda ɗaya daga cikinsu ya kakare, nan matsala take ɓullowa.

2. Allo da maus suna aiki ta dok, amma laftof ba ta caji. Ta ina zan fara?

Fara da ramin da ka soka kebul a jikin laftof. Ba kowane ramin USB-C ke karɓar caji ba, ko da siffarsu ɗaya. Wani na bayanai ne zalla. Duba alamar da ke gefensa: walƙiya tana nufin Thunderbolt, filogi ko batir yana nuna wajen caji. Kwamfutocin wasa da yawa suna da USB-C mai fitar da hoto amma ba ya cajin komai, sai dai ta cajarsu mai zagayayyen baki.

Sai ka koma kan dok ɗin. Ƙananan nan masu arha da ake jefawa a jaka ba su da wutar kansu. Hasali ma batirin laftof suke zuƙa, sai in ka soka cajarka a ramin da aka rubuta PD, wato Power Delivery. A manyan kuma, rami ɗaya ne tak aka yi don laftof, mai zanen kwamfuta a gefe. Sauran ba za su ba ta wutar kirki ba. Idan duk wannan daidai yake, wuce tambaya ta 3 da ta 4. Idan kuwa kwamfuta ta nuna an jona amma lambar batir ta tsaya cak a wuri ɗaya, ta 6 ce taka.

3. Tana cewa cajar ba ta da ƙarfi, wani lokaci ma batir yana sauka alhali tana kan dok. Me ke faruwa?

Lissafin wat ne bai cika ba. Juya cajar dok ɗin ka karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, layin da aka rubuta Output. Ninka bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne wat. Idan ka ga 19.5V da 6.67A, wat 130 ke nan; 19.5V da 9.23A wat 180. 20V da 4.5A wat 90. Yi haka da cajar da laftof ta zo da ita, ka san abin da take buƙata.

Sai dai abin da ke rubuce a cajar dok ba shi ke isa laftof ba. Dok dillali ne, sai ya cire la'adarsa: wutar da shi kansa yake ci, da wadda ya ware wa ramukan USB. Dell WD19 mai cajar wat 130, wat 90 yake miƙawa. Mai cajar 180 yana miƙa 130, amma ga kwamfutar Dell kaɗai. Ta wani kamfani 90 za ta samu. ThinkPad Universal USB-C Dock da cajar 90 yana ba da 65, sai an sa masa ta 135 kafin ya kai 100. Laftof mai cajar wat 65 ba za ta yi ƙorafi a kan ko ɗayansu ba. Mai buƙatar 130 kuwa, a kan dok mai ba da 65, za ta riƙa caji a hankali idan tana hutawa, da ka ɗora mata aikin bidiyo sai ta ciro cikon daga batir. Ba lalacewa ta yi ba.

Abin da na fi gani a ofis shi ne cakuɗewar cajoji. Bakinsu ɗaya, launinsu ɗaya, sai wani ya ɗauki babbar ta dok ya tafi da ita gida, a bar ƙaramar wat 65 a maƙale. Dok ya kunna, allo ya kawo, kowa ya ɗauka lafiya lau, sai la'asar a ga batir ya kusa ƙarewa. Kafin a zargi dok, ko a ce sai an sake zuba Windows, a leƙa ƙarƙashin tebur a karanta bayan cajar. Ni ina ba da shawarar a liƙa wa kowace caja takarda a rubuta ta wace na'ura ce.

4. Kebul ɗin dok ya yanke, na sa na wayata. Da bambanci?

Ƙwarai kuwa. Kebul ɗin USB-C na yau da kullum amfiya 3 yake ɗauka, wato iyakarsa wat 60. Kafin ya wuce haka sai yana da wani ɗan ƙwaƙwalwa a cikin bakinsa da ke shaida wa dok cewa zai iya ɗaukar amfiya 5, sannan a kai wat 100. Tsarin Power Delivery 3.1 da ya fito a 2021 ya ɗaga iyakar zuwa wat 240, amma sai caja, kebul da kwamfuta duk sun san shi.

Banda wuta, yawancin kebul ɗin waya ba su da wayoyin ɗaukar hoto a ciki. Shi ya sa za ka ga caji na tafiya amma allo baƙi ƙirin. Dok na Thunderbolt kebul mai alamar walƙiya yake so. Gajere ya fi. Na Thunderbolt 4 mai inganci yana kaiwa mita 2 ba tare da ya rage gudu ba, amma kada a ɗaura masa wani don ƙarin tsawo.

5. Da na jona dok sai kwamfuta ta yi nauyi, da na zare sai ta ware. Ba juyi aka yi ba?

Buɗe Task Manager, shiga Performance, kalli gudun furosesa. Idan ya maƙale a wajen 0.79 GHz ko 0.39 GHz komai aikin da ake yi, to kwamfutar ce ta taka birki da kanta, don tana ganin wutar da ke shigowa ba abin dogaro ba ce. Ko dai wat bai isa ba, kamar yadda aka yi bayani a ta 3, ko kuma ba ta gane cajar ba.

Leƙa cikin bakin cajar Dell ko HP mai zagaye, za ka ga siririyar allura a tsakiya. Ta nan na'ura ke sanin ƙarfin cajar. Idan allurar ta lanƙwashe, ko wayarta ta tsinke a ciki, ko cajar jabu ce, wuta za ta shiga amma ba za a san wat nawa ba ne. A Dell, danna F2 lokacin kunnawa ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'ura da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, duba Battery Information: ya kamata ka ga adadin wat, ba Unknown ba.

Zafi ma yana jawo irin wannan birkin. Masu ƙera laftof galibi digiri 35 suke sa wa iyakar zafin ɗakin aiki, ga shi a Kano ko Sakkwato watan Afrilu ana haura 40. Ƙara da alluna biyu da take turawa, da murfi a rufe, da ƙurar hunturu da ta toshe fanka. Ɗaga ta a kan wani abu iska ta ratsa ƙasanta, kuma a buɗe ta a kakkaɓe ƙura ko sau ɗaya a shekara.

6. Caji ya tsaya a 80 ba ya wucewa. Batir ne ya mutu? Kuma barin ta a dok wuni guda ba ya cutar da shi?

Galibi da gangan aka tsayar. Batirin litiyam ya fi saurin tsufa idan ya daɗe a cike maƙil, musamman cikin zafi, kuma haka rayuwar laftof ɗin dok take. Saboda haka kamfanoni suka sa iyaka. A Dell tana cikin BIOS ko manhajar kula da wuta, da zaɓi irin su Primarily AC Use da Custom. A HP sunanta Battery Health Manager, inda Maximize My Battery Health ke tsayar da caji a 80. A Lenovo tana cikin Vantage. Idan kwamfutar kullum a tebur take, kunna iyakar ka manta. Ranar tafiya ko inda wuta ke yawan ɗaukewa, sai ka cire ta a cika batir.

Don sanin lafiyarsa, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity, ka ga nawa ya rage na ƙarfinsa. Akwai kuma alamar da ba ta buƙatar manhaja: wajen shafa yatsa ya taso ya ƙi dannuwa, murfi ba ya rufuwa daidai, ko kwamfuta tana rawa a kan tebur. Batir ne ya kumbura. Kada a danne shi, kada a huda shi. A daina caji a kai wa mai gyara ya canza.

7. Zan iya jona cajar laftof da dok a lokaci ɗaya?

Za ka iya, ba ta ƙonewa. Kwamfutar ce ke zaɓar hanyar da za ta sha wuta, galibi wadda ta fi ƙarfi. Ga manyan na'urori irin su Precision, ZBook da ThinkPad jerin P, masu manyan cajoji, wannan ne ma mafita mafi sauƙi. Akwai dok da aka yi musamman dominsu: Dell WD19DC mai bakin USB-C biyu yana ba da wat 210 daga cajar 240, wasu na HP da Lenovo kuma kebul ɗinsu haɗe yake da bakin caja.

8. Ina so in rufe murfi in yi aiki da babban allo kawai, amma da na rufe sai ta yi barci.

Shiga Control Panel, Power Options, sai Choose what closing the lid does. A layin murfi, ɓangaren Plugged in kaɗai za ka mayar Do nothing. Ɓangaren On battery ka bar shi yadda yake. Masu canza duka biyun su ne ke ciro kwamfuta daga jaka tana ƙuna.

Wani abin lura: idan dok ba ya ba da caji, Windows tana ɗauka a kan batir kake, don haka za ta yi barci duk da ka canza. Kuma ko wuta ta ƙifta na daƙiƙa ɗaya alhali murfi na rufe, tana iya faɗawa barci nan take. Duba ta 13.

9. Bayan barci kwamfuta ta farka, amma allunan waje sun ƙi kawowa.

Gwada masu sauƙi tukuna. Danna Windows da Ctrl da Shift da B tare. Za ka ji ɗan ƙara, allo ya ƙifta, direban hoto, wato manhajar da ke tuƙa sashen hoto na kwamfuta, ya sake tashi. Danna Windows da P ka tabbatar ba a koma PC screen only ba. Idan bai yi ba, zare kebul ɗin dok, ƙirga goma, mayar.

Idan kullum ne, to jinkiri ake samu: laftof ta farka ta nemi allo, shi kuma bai gama tashi ba, sai ta ɗauka babu shi. Wasu alluna suna da zaɓin barci mai nauyi a cikin maɓallansu, da suna irin Deep Sleep ko Power Save, kashe shi. Ka kuma zaɓar wa allon ramin da aka jona shi, HDMI ko DisplayPort, da hannu, maimakon ya riƙa laluben kansa. Idan DisplayPort ne ke gardama, gwada HDMI. Dok masu aiki da DisplayLink kuwa, wato fasahar tura hoto ta hanyar USB, sai an sabunta direbansu dabam. Sauran gyaran yana ta 15.

Tagogin da ke tarewa a allo ɗaya bayan farkawa ma daga nan suke. A Windows 11 shiga Settings, System, Display, Multiple displays, ka kunna Remember window locations based on monitor connection.

10. Na zare ta daga dok na sa a jaka, na isa gida na tarar da ita da zafi, batir ya ƙare. Ba barci take yi ba?

Barcin da muka saba da shi, mai suna S3, yana kashe kusan komai ban da ƙwaƙwalwar wucin gadi. Yawancin laftof na shekarun nan sun koma wani salo da Microsoft ke kira Modern Standby. A wannan salon allo ne ke mutuwa, na'urar kuma ta lafa, amma tana iya ci gaba da taɓa intanet da wasu ƙananan ayyuka. Idan komai ya tafi daidai, wutar da take ci kaɗan ce. Idan wani direba ya ƙi sakin furosesa, to a kunne take, murfi ne kawai a rufe. Rubuta powercfg /a: in ka ga S0 Low Power Idle, sabon salon ne da kai.

Masu amfani da yawa sun lura abin ya fi faruwa idan aka rufe murfi tana kan wuta, sannan aka zare. Juya tsarin: zare dok tukuna, bari ta gane a kan batir take, sannan ka rufe. Umarnin powercfg /sleepstudy, idan ka buɗe Command Prompt a matsayin administrator, zai fitar da rahoton kwanakin baya, da jan launi a kan lokutan da batir ya zube da sunan abin da ya hana ta lafawa.

Ra'ayina, duk tafiyar da ta wuce daga ofis zuwa ɗakin taro, Hibernate ya kamata a yi. Yana adana aikinka a faifai ya kashe na'urar gaba ɗaya. Idan ba ka gan shi ba, rubuta powercfg /h on, sannan ka kunna shi a Choose what the power buttons do. Akwai masu bin bayan gida ta Registry don tilasta tsohon barci. A na'urar da BIOS ɗinta bai san S3 ba, wannan kan jawo ta kwanta ta ƙi tashi.

11. Tana farkawa da kanta cikin dare, ko kuma ta ƙi yin barci sam.

Umarni huɗu za su tona asirin mai laifi. powercfg /lastwake yana faɗin abin da ya tashe ta na ƙarshe. powercfg /devicequery wake_armed yana jera na'urorin da aka ba izinin tashin ta. powercfg /waketimers yana nuna ayyukan da aka sa wa lokaci. powercfg /requests kuma yana nuna abin da ya hana ta barci a yanzu, sau da yawa manhajar taron bidiyo ce ko wani shafi mai sauti da aka bari a buɗe.

A kan dok, maus da katin intanet aka fi kamawa. Maus ko tebur aka girgiza ya isa. A Device Manager buɗe na'urar, shiga Power Management, cire alamar Allow this device to wake the computer. Ka bar wa kibod nasa izinin, in ba haka ba sai ka ɗaga murfi kafin ka tashe ta. A na'urorin Modern Standby wannan shafin ba ya fitowa a kan kowace na'ura, sai a dogara da rahoton da ke ta 10.

12. Maus, kibod ko intanet na dok suna yankewa na 'yan daƙiƙu su dawo.

Lura da abu ɗaya: allunan ma suna ƙiftawa tare da su? Idan eh, dok ɗin ne gaba ɗaya ke mutuwa ya tashi, kuma wannan maganar wuta ce ko sakwarkwacewar kebul; je ta 13. Idan alluna suna nan daram, to Windows ce ke kashe ramukan USB don tattalin wuta. A Advanced power settings kashe USB selective suspend setting a ɓangaren Plugged in. A Device Manager kuma bi kowane USB Hub ka cire alamar Allow the computer to turn off this device to save power.

Intanet ɗin dok da yawa guntun Realtek ne ke tuƙa shi, musamman RTL8153. Sabunta direbansa daga shafin kamfanin dok ɗin, sannan a shafin Advanced ka kashe Energy-Efficient Ethernet da makamantansa. Kada kuma a lodi dok da waya biyu a caji, faifan waje da fankar USB, sannan a yi mamakin maus.

13. Wutar Nepa, janareta da inbata suna da hannu a ciki?

Sosai. Laftof tana da batir, dok ba shi da shi. Wuta ta ƙifta, laftof ba ta ji ba, amma dok ya mutu ya sake tashi: alluna su yi baƙi, intanet ya yanke, faifan waje da ake kwafar aiki a kai ya ɓace a tsakiyar rubutu. Cajojin an yi su ne su karɓi bolt 100 zuwa 240, don haka wutar da ta ɗan gaza 230 ba ta dame su ba. Abin da ba sa so shi ne wutar da ke hawa tana sauka, da lokacin juyawa daga Nepa zuwa janareta. Zare dok kafin a tayar da inji, bari ya daidaita, sannan ka mayar.

Don tabbatarwa, buɗe Event Viewer, Windows Logs, System, ka nemi Kernel-Power mai lamba 105. Kowanne ɗaya yana nufin kwamfuta ta sauya tsakanin wuta da batir. Idan sun yi jerin gwano alhali ba a ɗauke wuta ba, duba soket da eksitenshan. Filogin da ke lilo a cikin soket ya isa ya jawo duk wannan. Ƙaramin UPS da za a ɗora wa dok da alluna kawai yana kashe matsalar. Inbata mai arha da wutarta ba ta fita sumul takan sa manyan cajoji su yi ƙugi su yi zafi. Mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta Nepa ta fi dacewa da su. Da damina kuma, in hadari ya haɗo da tsawa, a zare har kebul ɗin intanet, domin ta nan ma wuta ke shigowa.

14. Jikin laftof yana ɗan ja na, wajen shafa yatsa kuma yana hauka idan tana kan dok.

Alamar babu wayar ƙasa ke nan, wadda masu wayarin ke ce wa atin. Kowace caja tana ɗan yoyon wuta kaɗan, kuma ƙafa ta uku ta filogi ce ke kai shi ƙasa. In an karye ƙafar, ko eksitenshan ɗin waya biyu ce a ciki, ko gidan ma ba a yi masa atin ba, sai yoyon ya bi jikin ƙarfen na'urar. Yanzu da dok, allo da firinta duk suka haɗu, na kowa ya taru wuri ɗaya. Gwada wani soket da kebul mai ƙafa uku. Ɗan tsikari ba sabon abu ba ne, amma idan ja ne na gaske, a zare komai a kira mai wayarin.

15. An ce in sabunta famwaya da direbobi. Wanne zan fara, kuma akwai haɗari?

Kafin sabuntawa, yi wankin wuta. Kashe laftof, zare dok daga jikinta da kuma daga soket, cire duk abin da ke jikinsa. Danne maɓallin dok na daƙiƙa 30, haka na laftof. Wasu ThinkPad suna da ɗan ƙaramin rami a ƙasa da ake soka allura don wannan aikin. Mayar da wutar dok, sai laftof, sai alluna ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma sani cewa tun Windows 8 ta 2012, Shut down ba ya kashe komai idan Fast Startup na kunne. Yana adana halin direbobi ya dawo da su yadda suke, har da matsalarsu. Restart ne ke farawa sabo fil.

Idan za a sabunta, a bi jeri: BIOS, direbobin Thunderbolt da na USB, direban hoto, sannan famwayar dok, wato 'yar manhajar da ke cikin dok ɗin kansa. A ɗauko su daga shafin kamfanin, ba daga manhajojin da ke alkawarin gyara direbobi duka da dannawa ɗaya ba. Haɗarin shi ne wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, dok ya mutu murus. Saboda haka a yi shi a kan UPS ko inbata. Kafin taɓa BIOS a tabbatar an adana lambar ceto ta BitLocker, wato makullin faifai na Windows, don kwamfuta na iya neman lambar bayan an gama. Kwamfutar ofis kuwa, a bar wa sashen kula da na'urori.

16. Ni Mac gare ni, abokin aikina kuma Linux. Bayanin ɗaya ne?

Na wat, kebul da wutar soket ɗaya ne. A Mac, System Information ɓangaren Power yana nuna wat nawa ke shigowa. Aiki da murfi a rufe yana buƙatar wuta, allon waje, kibod da maus. Daga macOS Ventura, laftof masu guntun Apple suna neman izini kafin sabuwar na'ura ta haɗu, don haka dok na iya caji amma sauran abubuwa shiru har sai ka amsa. MacBook masu guntun M1 na farko allon waje ɗaya suke turawa, wannan ba laifin dok ba ne. pmset -g assertions yana nuna abin da ya hana barci.

A Linux, cat /sys/power/mem_sleep zai nuna s2idle ko deep, wato sabon barci da tsoho da aka yi bayani a ta 10. Halin murfi yana cikin logind.conf, layin HandleLidSwitchDocked. Idan USB na yankewa, duba ko TLP, manhajar tattalin batir, ce ke kwantar da shi. boltctl yana ba dok na Thunderbolt izini, fwupdmgr kuma yana sabunta famwayar dok da dama.

17. Maɓallin kunnawa na jikin dok ba ya yi min komai. Kuma ta yaya zan gane dok na hannu mai lafiya kafin in biya?

Wannan maɓallin galibi 'yan gida kaɗai yake saurare: dok na Dell da laftof ta Dell, na HP da HP, na Lenovo da ThinkPad. Idan kamfaninsu ɗaya amma bai yi ba, duba BIOS. A Dell zaɓin sunansa Wake on Dell USB-C Dock. Idan kamfaninsu dabam, nemi Wake on AC ko makamancinsa, wanda ke kunna kwamfuta da zarar wuta ta shigo.

Wajen saye, tafi da laftof ɗinka, kada ka yarda da gwaji a kan ta mai shago. Dok da yawa na Landan-yus ba da cajarsu ta asali suke zuwa ba, sai a haɗa maka da wadda ta samu. Karanta bayanta kamar yadda ke ta 3, ka kuma shiga BIOS ka ga wat nawa kwamfuta ta gane. Murza kebul a hankali a dab da bakinsa ana kallon allo, in ya ƙifta to ya fara karyewa a ciki, kuma a wasu dok kebul ɗin ba ya cirewa sai an kwance. Jona alluna biyu idan biyu za ka yi aiki da su. Daga nan ka sa kwamfutar barci, ka jira minti biyu, ka tashe ta da kibod ɗin da ke jikin dok, ka maimaita sau biyu ko uku kafin ka ciro kuɗi.